Marken Gonar Inna

Gummi

Makau,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lahiya. Tunda an yanke sabis, ga takarda ta hannun Sambo ɗan kabu-kabu.

Sambo ya ce ka sare itatuwan marken gonar Inna kaf, ka kai wa masu haƙar zinari su tokare ramukansu. Kai, Makau! Mi ya shiga kanka? Baƙaƙen tururuwan da ke gindinsu fa, ina za su? Su ke huda ƙasa ruwa ya shige, su ke cin gara. Daga gonar nan tsohuwar nan ke ci. Wallahi ka ƙona min rai.

Ka gaida Inna.

Yayarka, Barakatu

Adabka

Yaya Barakatu,

Wa'alaikumus salam. Muna lahiya.

Kina zaune Gummi ƙarƙashin fanka kina min wa'azin tururuwa! Wa ke riƙe da fartanya, ni ko ke? Inuwar marke ke hana gero yin kai. 'Yan uwan naki tururuwa kuwa, da suka rasa gida, rumbun Inna suka afka. Na bi su da fiya-fiya har ramukansu, ko ɗaya ba ta sha ba.

Ki gaida maigidan, ki kuma ƙyale ni.

Makau

Gummi

Makau,

Salamu alaikum, don sallama haƙƙi ce.

To, gwanin noma, ina geron? Na ji damina ta wuce, gona ta zama fako, ƙasa tauri kamar daɓen ɗaki. Ruwa gudu yake a kai, bai shiga. Ɗan abin da ya tsiro gara ta cinye shi a tsaye. Ga buhun dawa nan, na Inna ne, ba naka ba. In ba ka iya ciyar da ita, ka aiko min uwata.

Allah ya shirye ka.

Barakatu

Adabka

Yaya,

Gaisuwa. Dawa ta iso, na juye a rumbu. Shekaranjiya rumbun ya kife, gara ta cinye itacen da ke ɗauke da shi. Kin ji daɗi ke nan.

Inna ta ɗaure kayanta, gobe Sambo zai kawo miki ita. Na roƙe ta ta zauna. Ta ce in nuna mata tururuwa ɗaya a gonarta, sai ta kwance kayan.

Na duba har la'asar, Yaya. Babu.

Ki kula da ita.

Ƙanenki, Makau