Ranar da Auta Ya Zo Ɗaukar Injina

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin ƙafar nan. Mu ma lafiya lau muke. Maman yara ta warke daga murar da ta dame ta, Ƙarama kuma ta fara haƙori, duk abin da hannunta ya kai sai baki.

Na samu saƙonki cewa in yi haƙuri da Auta, in tuna ciki ɗaya muka fito. Ban manta ba, Yaya, shi ya sa ma abin ya fi ci min rai. Ni na koya wa yaron nan shimfiɗa tayil tun bai iya kwaɓa siminti ba. Da ciwon baya ya kwantar da ni bara, har sallah sai a kan kujera, na ce ya riƙe min ayyukana kafin in tashi. Ashe bi yake gida-gida yana gaya wa mutanena wai bayana ya gama aiki, ba zan ƙara durƙusawa ba, su riƙa kiransa kai tsaye. Har da marairaice fuska, shi a dole mai tausayi.

Likitan gashin ƙashi ne ya haɗa ni da yoga, wani motsa jiki da ake yi a hankali a kan tabarma, ana miƙa jiki ana lanƙwasa shi ana jan numfashi. Ni kuwa da farko na tunkare shi kamar ɗaukar buhun siminti, in ɗauke numfashi, in cije leɓe, in danna da ƙarfin tsiya. Washegari ko juyi ban iya ba. Likita ya ce wannan ba aikin ƙarfi ba ne, inda jiki ya tsaya nan ake tsayawa a yi ta numfashi har ya saki da kansa. A wancan makon ne Auta ya shigo ya tarar da ni hannu da ƙafa a ƙasa, ƙugu a sama. Ya yi dariya har da riƙe ciki a gaban 'ya'yana, yana tambaya wai ko allurar Maman yara ce ta faɗi.

Tun ranar ban yi fashi ba. Ina idar da sallar asuba nake ture kujerar falo in shimfiɗa tabarmata. Da can in na sunkuya hannuna a gwiwa yake tsayawa. Aka jima ya kai ƙwauri, ya daɗe a nan har na fara cire rai, daga baya ya sauka idon sawu. Akwai ranakun da jikina ke cewa yau dai a huta, amma da na tuna dariyar nan sai in gan ni a tsaye. Ranar da goshina ya sake taɓa ƙasa a sujada na yi hawaye. Duk da haka ban bar kowa ya sani ba, na ci gaba da fita da sandata ina ɗingishi.

Shekaranjiya Auta ya zo da wani mai gini, tsohon mutumina ne, wai zai ɗauki injina na yankan tayil tunda ni ba ni da sauran amfani da shi. Injin yana ƙarƙashin benci a zaure. Auta ya sunkuya zai jawo, na ce ya bari. Na jingine sanda, na tsuguna har ƙasa, na jawo shi, na miƙe da shi ban dafa komai ba, na kai shi bayan motar mutumin da kaina. Na tambayi mutumin ƙarfe nawa yake so in zo aiki washegari. Ya dube ni, ya dubi Auta, ya ce da safe. Auta ya rasa inda zai sa idonsa. Wallahi Yaya na ji daɗi, kuma ban ƙoshi ba, don da sauran gidajen da ya bi, ɗaya bayan ɗaya zan karɓe su.

Likita yakan ce in riƙa sakin ɓacin rai tare da numfashi. Na saki na kowa, ban da wannan. Ki bar ni da shi tukuna, shi ke tashina da asuba.

Ki gaida maigidan, da Babba, da Uwani mai surutu, da Gwaggo in kin leƙa ta. Maman yara tana gaishe ki. In Auta ya kira ki yana ƙorafi, ki ce masa ina neman mai kwaɓa min siminti.

Ƙaninki,
Na Tsakiya