Garin da Ban Ba Ki Ba

Zuwa ga Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Na san ba za ki karanta wannan ba, kuma hakan ma ƙara mini haushi yake yi, domin tun da nake ba ki taɓa barin maganata ta wuce ba amsa ba.

"Amsar nan taki ce, Ladidi. Ba wanda zai ji ta kafin ke, ko da kabari zan kai ta. Ranar da kika ba ni gari, ranar za ki ji." Kin tuna mai wannan magana? Ke ce, a tsakar gidanmu na unguwar Kurmin Sarki a Suleja, muna 'yan mata, kina tsefe mini kai. Kin maimaita ranar bikina. Kin maimaita bara da Babbar Sallah, bakinki cike da nama. To ga shi kin tafi kabarin, amsar kuwa ba ta bi ki ba. Tana nan, cikin wayar wata mata.

Kacici-kacicin da kika ƙirƙira da kanki nake nufi: kullum tana bayana, ba ta taɓa kamo ni ba, ni kuma ban taɓa barin ta ba. Na ce inuwa, kika ce inuwa tana shiga gaba. Na ce ƙeya. Na ce dunduniya. Da na shiga kwaleji na fara haɗiyar littattafai, na dawo na ce jiya ce, kika ce karatu ya ɓata ni. Kullum maganarki ɗaya, in ba ki gari. Haka Inna ta koya mana wasan: wanda ya kasa ya miƙa gari, mai tambaya ya karɓa, ya ce ya shiga ya ci ya sha, sannan ya faɗi amsa. Na ce ko ƙauye ba zan bayar ba. Ke ma kin san daɗin abin ke nan. Na ɗauka namu ne mu biyu.

Ranar uku wata doguwar mata ta shigo gidan makoki tana kuka kamar ita aka yi wa rasuwa. Sunanta Rifkatu, 'yar Filato, malamar firamare ce a Zuma. Ban taɓa jin sunanta a bakinki ba. Ita kuwa ta san nawa. Ta san ba na cin kuɓewa, ta san ina karatu da tabarau biyu. Ta ce a wani guruf na waya kuka haɗu, inda mutane ke jefa wa juna kacici-kacici, kuma ba ta taɓa ganin fuskarki ba sai da kika kwanta asibiti. Cikin kukan ne ta gaya mini, da zuciya ɗaya, cewa kin taɓa jefa musu naki, kowa ya kasa, ita ta ba ki Jos, ke kuma kika aika mata amsar ita kaɗai ta saƙon murya.

Jos, Yaya? Garin da ko hanyarsa ba ki sani ba? Ko wuni ɗaya ba ta yi tana tunani ba. Ni na yi furfura a kan tambayar nan, ita ta danna waya da babban yatsa, shi ke nan.

Ta saka ni a guruf ɗin, wai don in ga irin son da ake miki. Na gani. Akwai wani direba ɗan Gawu Babangida, akwai ma'aikatan Abuja irinki, akwai ɗalibai masu haɗa Hausa da Turanci har sai kacici-kacicin ya koma abin tausayi. Uwar Zaure suke kiran ki. An ce garuruwan da kika ci a wajensu sun fi na kowa, daga Sakkwato har Legas. Kullum sai wani ya sake turo tsohon saƙonki, ni kuma ba na iya ƙin saurare. A ciki na ji wata dariya taki da rabona da ita tun rasuwar Inna. A bayan muryarki ana jin hon ɗin motoci, wato cikin cunkoson hanyar Abuja kike yi musu. Ni in na kira ki a hanyar nan sai ki ce ba kya ji sosai, ki bari sai kin sauka. Ashe da su ana ji.

Duk wannan da sauƙi. A wani saƙo na ji kin ce wa Rifkatu "ƙanwata". Ƙanwa nawa Inna ta haifa miki?

Kada ki ce ba ta da laifi. Na sani, kuma shi ya fi ƙona ni. Da muguwa ce da na huta. Matar nan duk Asabar sai ta kawo wa 'ya'yanki dankali, ta zauna ta taya 'yarki Amina wanki. Ina neman abin da zan ƙi ta da shi, ban samu ba sai dogon wuyanta.

Gida lafiya, tunda ba za ki tambaya ba. Baban Amina ya rame, ba ya cin tuwon kowa. Ɗakinki ya fara yoyo ta gefen taga. Wayarki tana hannun Amina, a kulle, da yatsanki ake buɗe ta, yatsan kuwa yana ƙarƙashin ƙasa. Saboda haka amsar wuri ɗaya ta rage a duniya.

Yanzu ga inda ake. Mutanen guruf sun shirya cewa ranar arba'in ɗinki, bayan an shafa addu'a, za su yi wasa da kacici-kacicinki kaɗai, a ƙarshe Rifkatu ta saki saƙon nan kowa ya ji. Ni da direban Gawu mu ji a lokaci guda. Ta ce in ina so za ta fara turo mini. Na ce mata a'a, ba haka ake wasan nan ba, ba a karɓar amsa kyauta kamar sadaka.

Akwai abin da ban gaya miki ba. Tun da daɗewa na zaɓi garin da zan ba ki. Suleja ne, dukkansa, har da dutsen da ake hangowa daga hanya. Na ajiye sai mun tsufa, haƙora sun zube, mu zauna a tabarma in ce na ba ki, ki ci ki sha, in ga fuskarki. Ban yi nadama ba. Ke kika yi gaggawa.

Kuma ni ba sakarya ba ce. Ranar da Rifkatu ta fara ganina, ta dube ni daga sama har ƙasa, ta yi murmushi cikin hawaye, irin na wanda ya ga abin da aka siffanta masa. Tun ranar nake zargin ni ce amsar. Kullum ina bayanki, a haihuwa, a makaranta, a aure, ban taɓa kamo ki ba. In haka ne, Yaya, me ya sa baƙuwa ta riga ni ji? Kuma in haka ne, kacici-kacicinki ya lalace. Kin ce ba ki taɓa barin ta ba. Ina kike yanzu?

Na ba ki daga yau zuwa jajibirin arba'in. Na san wanda ya tafi ba ya dawowa, amma mafarki ba a hana kowa ba. Ki zo ki faɗa mini da bakinki, ko a tsaye ne. In ba ki zo ba, da safe zan hau mota zuwa Zuma, in sami Rifkatu kafin ta shiga aji, in ce na kasa, in ba ta gari kamar yadda Inna ta koya mana, in sa wayarta a kunnena in ji muryarki kafin kowa. Kaduna zan ba ta, ko Minna, duk wanda take so. Suleja kam ba zan ba kowa ba. Yana nan sai na zo.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki. Ban huce ba tukuna.

Ƙanwarki guda ɗaya,
Ladidi