Auta da tabaran na'urarta

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali. Allah ya ƙara sauƙin gwiwar nan, ka kuma daina hawa bene kamar ɗan shekara ashirin. Mu duk lafiya, sai dai Autata da ta rame a mako guda, dalilin rubutun ke nan.

Ka san shekara uku tana auna tsohon hasken nan da ya saura tun farkon sararin samaniya. Ta ce ɗuminsa kusan ɗaya ne ko'ina, bambancin bai wuce kashi ɗaya cikin dubu ɗari ba, kuma tabo-tabo yake kamar zanen atamfa. Aikinta ta gwada ƙarfin manyan tabon, masu faɗin farin wata biyu in an jera su a sama, da ƙanana. Ta ga ƙananan sun fi yadda masana suka lissafa rauni, har malaminta ya sa mata ranar bayani gaban manya, ni kuwa na cika maƙwabta da labari.

Ranar Talata na same ta a teburin cin abinci, kwamfuta a buɗe, shayi ya huce, tana hawaye. Ashe kowace na'urar hangen sama tana ɗan dishe ƙananan tabo, kuma kowacce da lissafin gyaranta. Ita ta ɗauko na tsohuwar na'urar da aka cire. Na ce wato ta sa wa sabuwa tabaran tsohuwa, kamar ranar da na sa naka na kasa zura zare a allura. Ta yi dariya cikin kuka ta ce haka ne. Da ta gyara, abin mamakin ya ɓace ɗungurungum, kuma digirinta a kansa ya rataya.

Yaya, ban ɓoye maka ba, na tambaye ta ko wani zai gane in ta ɓoye kuskuren. Ta ce mai yiwuwa sai bayan shekaru, ta dube ni har na ji kunya. Yau da safe na goge mata riga, ta fita da sakamako biyu, na farko da gyararren, mai kuskuren a sama, don shi take so malamin ya fara gani. Ban san me zai yanke ba. Tausayinta ya hana ni karyawa.

Don Allah ka kira ta, ai kai ne ka fara nuna mata taurari. Kada ka tambaye ta digiri, ka tambaye ta ko ta ci abinci.

Ka gaida matarka da 'yan biyu da takwarata.

Ƙanwarka, uwar Auta.