Injin Dwight Pruitt

Lima, Ohio
9 ga Maris, 1976

Yaya Orrin,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kuma sanyin Alaska bai fi ƙarfinka ba. Mama tana gaishe ka, tana tambaya ko safar da ta saƙa maka ta isa.

Ƙaninka bai san na rubuto ba. Ka san tun da injin motar marigayi Baba, Ford Fairlane ɗin nan, ya buga bara, Wendell ya kasa zaune ya kasa tsaye. To, ranar Asabar sai ga janwe a ƙofar gida ya sauke masa wani ƙaton inji a gareji, mai fentin ruwan lemo. Mama ta leƙo daga kicin, launin kawai ta gani ta gane. Ta ce, "Wendell, ubanka ya ƙare ƙarfinsa wajen haɗa injin Ford, shi ne za ka zuba masa Chevrolet a cikin motarsa?" Ya ce, "Mama, in an rufe bonet wa zai gani?" Ta ce, "Ni zan ji."

Ni ba wannan ne ya dame ni ba. Injin Dwight Pruitt ne. Ka tuna shi, ɗan Baba Virgil mai walda, wanda yake cinye kowa in samari sun fita tsere a titin gadar Auglaize. Bayan tafiyarka, a watan Oktoba, ya daki ginshiƙin gadar. A rufe aka binne akwatinsa. Motar ta dagargaje, amma injin ko kwarzane bai yi ba, 'yan gwangwan suka sayar wa Wendell.

Injin ya fi ƙarfin wurin, ya ƙi shiga. Tun jiya mijina yake yanke ƙarfen cikin motar ta gefen tayoyin gaba don ya buɗa masa. Na yi magana, ya ce in bar abin da ban sani ba. Gaskiyarsa, ban sani ba. Kai ka sani, kuma yana jin maganarka.

Allah ya tsare ka a wurin aiki.

Ƙanwarka,
Lorene

*

Sansanin Coldfoot, Alaska
24 ga Maris, 1976

Wendell,

Ina gaishe ka, ka gaishe min da Mama da matarka. Safa ta iso.

Na ji abin da kake yi. Kada ka tambayi wa ya gaya min. Zancen Ford da Chevrolet ku ƙarata kai da Mama, ni ko injin jirgin ruwa ka sa ba ruwana. Abin da nake so ka ji shi ne wannan. Ƙarfen da kake yankewa ba ado ba ne, shi yake riƙe da sifirin da tayar gaba. In ka yanke shi ka liƙa da wannan ɗan injin waldar naka na gyaran ƙofar kaji, zai riƙe ka a cikin gari, amma ranar da ka taka wuta zai sake ka. Injin nan ya fi na da nauyi, duk nauyin kuma a hancin motar zai zauna. Birkin ma na da ne, wanda Baba yake zuwa coci da shi.

A nan kullum walda nake yi a bututun mai, kuma ko wacce sai an ɗauki hotonta an duba cikinta kafin a yarda da ita. Na ga wadda take sumul a ido, cikinta kuwa duk rami.

Ka rufe motar da tamfol. Ina zuwa hutu a watan Agusta, zan yi maka aikin da hannuna. Kuma da ni ne, ba zan tayar da injin nan a garin da uban yaron yake zaune ba.

Ka kula da kanka.

Yayanka,
Orrin

*

Lima, Ohio
20 ga Afrilu, 1976

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya ƙanƙara, yaya kuma namun dajin nan, beyar, da aka ce suna cinye muku abinci? Na san wa ta kai ƙarata, har yanzu ina cin girkinta, ka ga ban riƙe ta ba.

Wasiƙarka ta iso a makare, inji ya riga ya zauna. Da ka ji shi da ba ka yi wannan dogon wa'azin ba. Ranar da na fara tayar da shi sai da kwanukan Mama suka yi rawa a kan kanta. A gidan mai 'yan Ford suna ce min mayaudari, 'yan Chevrolet suna cewa na sa wa alade zuciyar doki. Na ce duk mu haɗu a titin gada, mai magana ya maimaita a can.

Batun Baba Virgil, ka kwantar da hankalinka. Ranar da na tayar da injin, ban kai ga kashe shi ba sai ga shi tsaye a bakin gareji, hula a hannu kamar wanda ya shigo coci. Daga gidansa ya jiyo, ya tako a ƙasa. Na ɗauka zagi zan sha. Sai ya ce, "Ƙara masa wuta, yaro." Na ƙara. Ya rufe ido yana saurare, sannan ya ce silinda ɗaya tana makara, ya naɗe hannun riga. Washegari ya kawo min kafiretar da Dwight ya saya bai kai ga ɗaurawa ba, tana cikin kwalinta.

Na nuna masa waldata, tun da ka raina ta. Ya durƙusa ya shafa ta da yatsa, ya daɗe yana kallo, bai ce komai ba. Ka san tsofaffin masu walda, in ba su kushe ba to sun yaba.

Sai ka zo ka ga ƙurata.

Ƙaninka,
Wendell

*

Lima, Ohio
17 ga Mayu, 1976

Yaya Orrin,

Ina gaishe ka, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Mu ma lafiya, in ban da abin da zan faɗa maka.

Baba Virgil kullum yana gidanmu. Kafin Wendell ya taso daga aiki ya riga ya iso, yana zaune a kan tsohuwar taya a gareji, shi kaɗai da motar. In na kai masa kofi ya karɓa ya yi godiya, ya ajiye har ya huce. Matarsa ta tare ni a kanti ta ce, "Ki ce wa mijinki ya daina bi ta layinmu. In ya wuce, sai na ga kaina na tashi zan ɗora abinci, kamar Dwight ne ya dawo."

Ranar Laraba ina jin sa ya ce, "Miƙo min sifana, Dwight." Wendell ya miƙa masa, ba wanda ya gyara maganar. Baba Virgil ya kuma kawo masa rigar fata ta Dwight, kuma mijina yana sa ta.

Na shiga motar sau ɗaya. Da ya ɗan taka, sitiyari ya riƙa karkarwa a hannunsa, ya ce taya ce. Da muka dawo na leƙa wurin waldar, na ga fentin ya tsage siriri kamar gashi.

Yanzu sun sa rana. Lahadi ta ƙarshen wata, bayan an taso daga coci, Wendell zai gwada motar a titin gada gaban kowa. Baba Virgil ne ya ce Dwight bai taɓa kai injin ƙarshensa ba, akwai saura.

Jiya na same shi shi kaɗai. Na ce, "Baba, kai mai walda ne. Don Allah ka gaya min gaskiya, wannan za ta riƙe?" Ya dubi wurin, ya dube ni. Ya ce, "'Yata, je ki kama aikinki. Injin nan ba zai ci yaro na biyu ba." Yana faɗa yana shafa bonet. Ban san me yake nufi ba, kuma ban ji sanyi a raina ba.

Ka rubuto masa, ko ka zo.

Ƙanwarka,
Lorene

*

Sansanin Coldfoot, Alaska
26 ga Mayu, 1976

Lorene,

Gaisuwa. Yau wasiƙarki ta same ni, an kwana biyu jirgi bai sauka ba. Na nemi izini, sun ce sai wanda zai canje ni ya iso. Na je in buga waya, layin ya lalace.

Tsagar da kika gani ba ta fenti ba ce. Virgil ya sani, tun ranar da ya shafa ta ya sani. Ki ɗauke makullan motar duka biyu ki ɓoye. In ya yi faɗa, ki ce ni na sa ki. Kada ki bar shi ya hau titin nan.

Allah ya kiyaye mana shi.

Orrin

*

Lima, Ohio
4 ga Yuni, 1976

Yaya Orrin,

Ina gaishe ka. Wendell yana nan da ransa, bari in fara da wannan. Wasiƙarka ta iso ranar Laraba, mun dawo daga jana'iza muka tarar da ita.

Abin da ka ce in yi na riga na yi shi da kaina. Ranar Lahadi da safe na zuba makullan biyu a jakata. Ya birkice gidan yana nema, sannan ya tsaya a gabana ya miƙo hannu. Na ce sai bayan coci. Mama ta sa hularta ta ce, "Wuce mu tafi." A motar maƙwabta muka je. Ban san abin da zan yi bayan cocin ba, ina ta addu'a wani abu ya faɗo min.

Fasto yana tsakiyar wa'azi, tagogi a buɗe saboda zafi, sai muka ji injin. Duk garin nan ba wanda bai san wannan ƙarar ba. Ya taho ta babban titi a hankali, ya wuce cocin. Matar Baba Virgil tana layin gabanmu, kujerar mijinta ba kowa. Ba ta juyo ba. Wendell ya dubi jakata, na buɗe masa, makullan suna ciki.

Muna ji ya fita daga gari. Ya canza giya, ya sake canzawa, ƙarar tana hawa tana nisa. Ta yi ta hawa har na ji kamar haƙorana za su zube, sannan ta yanke. Ba mu ji karo ba, wurin da nisa. Shirun kawai muka ji.

Masu kamun kifi a ƙarƙashin gadar sun ce tayar gaba ta dama ce ta fita tun kafin ya hau gadar, motar ta karya shinge ta faɗa ruwa. Sun ce ba su ji ya taka birki ba. A gareji mun tarar Baba Virgil ne ya haɗa waya ya tayar da ita. Rigar Dwight kuwa ya cire ta daga inda Wendell ya rataye, a jikinsa aka ciro shi da ita.

Wasu suna cewa ya bi ɗansa ne. Mama ta ce nata ɗan ya fansa. Wendell ya ɗauki akwatin tare da mutane, tun daga nan bai yi wata magana mai tsawo ba.

Ba sai ka yi gaggawa ba yanzu. Mama tana gaishe ka.

Ƙanwarka,
Lorene

*

Lima, Ohio
19 ga Yuni, 1976

Yaya,

Gaisuwa. Muna lafiya.

An ciro motar Baba, ba abin da za a mora a jikinta. Injin kuwa ko tsaga babu. Matar Baba Virgil ta ce in kai shi inda ba za ta ƙara jin sa ba, na ce to. Lorene ta ɗauka na mayar wa 'yan gwangwan.

Yana gonar wani abokina, a ɗakin ajiye ciyawa. Jiya na wanke masa laka, na zuba sabon bakin mai, na kama shi da sifana na juya. Yana juyawa sumul.

Wannan tsakaninmu ne.

Ƙaninka,
Wendell