Ƙusar da ke Birkin Baya

Muntaka,

Na fita tun da asuba, ban tashe ka ba. Makullin mota yana aljihuna, kada ka nema.

Jiya da nake dawowa daga kasuwar Gezawa, a gangaren kwalbati, amalanken shanu ya shigo gabana da yara uku a kai. Na taka birki har ƙasa, motar ba ta tsaya ba. Sai cikin dawar Malam Khalilu na karkatar da ita. Allah ne kawai ya tsare.

Laifina ne. Bara da ƙafar motar ta baya ta hagu take yoyon man birki, ni na sa makaniki ya toshe bututun da ƙusa, na ce gyaran sai bayan girbi. Girbin bai zo da komai ba, na yi shiru. Ɗaya ƙafar kuma birkinta ya cinye, ƙarfe ke gogar ƙarfe.

Na tafi birni neman kayan gyara. In naƙuda ta kama matarka kafin na dawo, ka roƙi maƙwabcinmu Usaini ya kai ta asibiti a motarsa. Na san ba kwa magana tun rikicin iyakar gona. Ka je ka gaishe shi yanzu da safe.

Babanka