Jan Biro a Gaban Gilashi

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Takarda na zaɓa don na san wayarki kullum tana hannun 'ya'yanki, maganar nan kuwa ba ta kunnen yara ba ce.

Yaya, an ƙwace mini shirina na safe a gidan rediyo. Jiya Manaja ya kira ni ofis, ya jawo mini kujera da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce daga mako mai zuwa zan koma ɗakin ajiyar tsofaffin shirye-shirye, wai "saboda lalurarki ta fitsari." Haka ya faɗe shi ɓaro-ɓaro, sakatariyarsa na tsaye rungume da fayil. Wallahi ji na yi kamar an tuɓe ni a tsakiyar titi.

Ciwon jijiyoyin nan, Em-Es, kowa a tashar ya san ina da shi, sanda ba ta ɓoyuwa. Amma ɓarnar da ya yi wa jijiyoyin mafitsarata, har fitsari ya daina yi mini sallama, wannan daga ke sai Dogo mai kula da na'urori kuka sani. Kin tuna dabararmu, ke ce ma kika yi ta dariya da na ba ki labari. Shirin kai tsaye ne, mutane na ta bugo waya, ba halin tashi. To in abin ya taso sai in ɗaga jan biro, Dogo ya hango ta gilashi ya sako waƙa, ni kuma in ja ƙafa zuwa banɗakin ƙarshen baranda in dawo kafin ta ƙare. Har dogayen waƙoƙi ya ware mini gefe guda. Masu sauraro kuwa sai yabo suke, wai ba su taɓa ganin mai son kiɗa irina ba!

To Dogon nan ne ya tona mini asiri. Na tare shi a wurin shan shayi, a gaban kowa, na kira shi munafuki, ban bar shi ya buɗe baki ba. Yaya, shirin nan shi ne wuri ɗaya tak da ba a ganin sandata, murya kawai ake ji. Yanzu shi ma an raba ni da shi. Zuciyata ta yi baƙi ƙirin.

A gaida mini yara.

Ƙanwarki,
Auta

Auta ƙanwata,

Na amsa gaisuwarki, muna nan lafiya lau. Na karanta takardarki har na yi ƙwalla.

Amma ki saurare ni. Ɗakin ajiyar nan ba gidan yari ba ne. Za ki zauna a natse, ki tashi lokacin da kike so, ba mai bin ki da agogo. Tun rasuwar Mama nake fama da kafiyarki, kin fi kowa sanin ba ki da birki. Ki huta mana!

Shi kuma Dogo, ki sassauta masa. Kada ki ɗora wa bawan Allah abin da ba ki gani da idonki ba. Kuma don Allah ki riƙa shan ruwa, ki sha, ki ƙara sha.

Maigidan yana yi miki sannu.

Yayarki

Ranki ya daɗe,

Ina gaisuwa tare da girmamawa. Tunda kin toshe lambata, dole ta sa na turo wannan ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin ajiya.

Ban faɗa wa kowa komai ba. Manaja ya titsiye ni a kan yawan waƙoƙin nan, na ce ni ne mai son kiɗa. Ya ce in daina raina masa hankali, 'yan uwanki sun riga sun zo sun yi masa bayani. Takardar gargaɗi ma ya ba ni a kan ƙaryar.

A nan na tuna. Ranar da kika tafi ganin likita wata baiwar Allah ta zo tasha, fuskarku ɗaya, sai dai ta girme ki. Ni na nuna mata ofishin Manaja, har jakarta na riƙe mata a matakala. Ta dube ni ta ce, "Kai ne Dogo? Allah ya saka maka da alheri kan waƙoƙin nan." Na ɗauka ke kika aiko ta.

Kalmar da kika jefe ni da ita a gaban mutane ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma dogayen waƙoƙin suna nan inda na ajiye su, ban goge ko ɗaya ba.

Ki huta lafiya.

Dogo

Yaya,

Gaisuwa. Ga takardar Dogo nan na haɗo miki, ki karanta.

Ashe har garin nan kika zo, kika wuce ƙofar gidana ba ki ƙwanƙwasa ba, kika hau matakalar wurin aikina? Kuma kika zauna kika rubuto mini wai kin yi ƙwalla? Haba Yaya! Kina kallo na ci mutuncin mutumin da ya rufa mini asiri, iyakar abin da kika iya cewa shi ne in sassauta masa. Ke kaɗai nake iya gaya wa na jiƙa zanena ba tare da na sunkuyar da kai ba. Ki ce mini ba ke ba ce.

Auta

Auta,

Ina gaishe ki, ko kin amsa ko ba ki amsa ba.

Ni ce. Kuma ba zan yi miki ƙaryar cewa na yi nadama ba.

Kin manta kwanciyarki asibiti bara? Saboda shirin nan kika daina shan ruwa tun daga yamma har ki sauka daga aiki. Ga mafitsarar ba ta juye duka, fitsari ya kwanta, ƙwayoyin cuta suka hau har ƙoda. Zazzaɓin ya tayar da ciwon, ƙafafunki suka ƙi ɗaukar ki. Wa ya yi miki wanka? Wa ya wanke zannuwan? Likita ya ce ki koyi amfani da siririyar robar nan ta fitar da fitsari, kika ce Allah ya kiyaye. Kina warkewa kika koma yi wa kanki horon ƙishirwa, ina jin bushewar maƙogwaronki ta rediyo.

Tun ranar da kika ba ni labarin jan biro, eh na yi dariya, amma ban ƙara jin waƙa a shirinki ba. Da an sako ta, ke nake gani a barandar nan kina jan ƙafa. Ran nan waƙa ta ƙare, aka sako wata, aka ƙara sako wata. Ina tsaye a kicin da rediyo a hannu, girki ya ƙone ban sani ba. Na kira ki kika ce na'ura ce ta samu matsala. Da na zo duba ki wancan karon na ga gwiwarki a kumbure, na gane faɗuwa kika yi a barandar.

Abin da na roƙi Manajan shi ne ya rage miki lokaci, kuma ya riƙe maganar a cikinsa. Ban san haka zai yi ba. Laifina ga Dogo kuwa na yarda da shi, tsoronki ne ya hana ni magana. Amma gara ki tsane ni kina tafe da ƙafarki.

Yayarki har abada

Yaya,

Na gaishe ki.

Na ba Dogo haƙuri a wurin shan shayi, a gaban mutanen da na zage shi. Na je wurin nas na koyi robar, ba ta kai yadda nake tsoro ba. Ina shan ruwa. Duk wannan kin yi gaskiya, amma ni ya kamata ki zaunar, ki tsare ni da faɗa har in yi.

Shirin safe an ba wa wata. Da ƙyar Manaja ya bar mini rana ɗaya a mako. Ranar da na koma, na tarar an shimfiɗa leda a kan kujerata. Ban san wanda ya sa ba, ban kuma tambaya ba. A kanta na zauna na gaida masu sauraro.

Ki ci gaba da kama tashar in kina so. Idan kin ji waƙa, waƙa ce kawai. Abin da ke bayanta kuwa, ba za ki ƙara jin sa daga bakina ba.

A gaida yara.

Auta