Mujallar da ke Aljihun Baba

Timishoara, 3 ga Maris

Mama,

Ina gaishe ki, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Ni dai hankalina ba kwance yake ba. Wani kamfani ya maka ni kotu, wai eriyar da nake ƙerawa tasu ce, suna da takardar mallaka tun 2009. Eriyar marigayi Baba fa, wadda kika yi shekaru kina shanya a jikinta. Lauyata ta ce sai na kawo shaidar an buga zanen kafin nasu. Mujallar ƙungiyar masu rediyo ta buga shi a 1988, amma ƙungiyar ta watse, na bi ɗakunan karatu har na gaji. Ki duba mini mujallar Baba. In babu ita ranar 28, za a rufe shagona, a kira ni ɓarawo. Tsoro nake ji.

Ɗanki,
Sandu

Sandu ɗana,

Ƙafa da sauƙi. Ai na ce ka kama aikin gwamnati, ka ce kai ɗan ubanka ne. Na birkice ɗakin kaya, ba ta nan. Ka nemi wata hanyar. Na ba direban bas cuku ya kawo maka, ka ci, na san ka rame.

Allah ya tsare,
Mamarka

Mama,

Barka da gida. Ke da ko tsohuwar igiya ba kya yarwa? Kin san inda take. Saura kwana goma sha biyu, ki taimake ni.

Sandu

Ɗana,

Ina gaishe ka. Ƙarya na yi maka, ka yafe mini. Tana aljihun kwat ɗin Babanka. Ranar da muka shirya shi don binnewa na sa masa tabarau da sanda kamar yadda ake yi wa kowa, na naɗe mujallar a leda na haɗa masa, don duk duniya ba abin da yake alfahari da shi kamarta. Ka san a al'adarmu sai an shekara bakwai ake buɗe kabari a wanke ƙasusuwa, shi kuwa shekara biyar ke nan da rasuwarsa.

Mamarka

Sandu,

Kwana uku ina zarya wajen limamin coci, jiya ya yarda. Maƙwabta sun daina amsa gaisuwata. Ranar Asabar za a buɗe kabarin. Ka zo da kanka. Ni na sa masa ita, ba zan iya cirewa ba.

Allah ya kawo ka lafiya,
Mamarka